Faɗuwar Gaba da Ciwon Ciki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Fargabar da Ke Sauka a Ciki

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi maimaitawa a ɗakin ganin likita da gaban kantar kemis a Zariya, daga bakin ɗaliban Samaru da Kongo, 'yan kasuwar Sabon Gari da matan aure na cikin birni. Koken kusan ɗaya ne: an sha maganin olsa, an sha na taifot, an yi hoto ba a ga komai ba, ciki ya ƙi lafiya, gaba kuma na ta faɗuwa. Wanda ke cikin ciwo mai tsanani yanzu ya fara da tambaya ta 4.

1. Likita ya ce fargaba ce ke sa mini ciwon ciki. Gaskiya ne, ko ya rasa abin faɗa ne kawai?

Gaskiya ne, kuma Bahaushe ya riga likita ganowa. In mummunan labari ya iso, cewa muke "gabana ya faɗi", "cikina ya ɗuri ruwa", "hantar cikina ta kaɗa". Ba ka taɓa jin an ce ƙwaƙwalwa ta kaɗa ba.

Bangon tumbi da hanji na ɗauke da ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, su ke sarrafa narkar da abinci. Akwai kuma wata doguwar jijiya da likitoci ke kira vagus, ta fito daga gindin ƙwaƙwalwa ta biyo wuya da ƙirji har cikin kayan ciki, saƙo na kai da kawowa ta cikinta dare da rana. Sinadarin serotonin ma, da ake dangantawa da walwalar zuciya, kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji jiki ke haɗa shi. Saboda haka in an ce ciwonka na fargaba ne, ba a ce raki kake ba. Zafin na nan daram, sai dai daga jijiya yake fitowa, babu gyambo ko ƙari a ƙarƙashinsa.

2. Me ke faruwa a jiki daidai lokacin da gaba ya faɗi?

Da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko kare ne ya biyo ka a lungu ko mai bin ka bashi ne ya kira waya, sai wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin adrenalin. Cikin daƙiƙu zuciya ta ƙara gudu, jini ya janye daga kayan ciki ya nufi cinyoyi da damatsa. Daga nan sama da ƙasa kowa ya kama gabansa. Tumbi ya rage motsi, abinci ya zauna, a ji ƙoshi bayan loma uku ko tashin zuciya. Babban hanji kuwa ya ƙara sauri, shi ya sa ɗalibi ke zaryar banɗaki da safiyar jarrabawa. Yawu ya kafe, naman bangon ciki ya ɗaure tamau, mutum ya dinga haɗiyar iska bai sani ba, sai gyatsa da kumburi.

In abin ya ɗauki watanni, jijiyoyin hanji kan zama masu saurin kai ƙara. Iskar da kowa ke da ita a ciki, wadda mai kwanciyar hankali bai ma san tana nan ba, sai mai fargaba ya ji ta murɗa ce. Ciwon ya tsorata shi, tsoron ya ƙaro adrenalin, adrenalin ya ƙaro ciwon. Duk abin da ke tafe daga tambaya ta 10 zuwa ƙasa wannan zagayen yake yankewa.

3. Da wace alama zan gane nawa na fargaba ne?

Babu alama guda mai yanke hukunci, amma ciwon na da ɗabi'a. Yakan tashi da safe tun ba a sa komai a baki ba, ya lafa in an shagala da hira a majalisa. Yakan canza wuri: yau ƙahon zuci, gobe gefen cibiya, jibi mara. Yana tafe da 'yan rakiya: bugun zuciya, gumin tafin hannu, ƙullutu a maƙogwaro kamar an haɗiyi abu ya tsaya, zafi a tsakar kai, jin kamar abu na tafiya ƙarƙashin fata. Ba kasafai kuma yake tayar da mutum daga barci mai nauyi ba.

Hanya mafi arha ta tabbatarwa littafi ne da biro. Tsawon mako biyu, duk sanda cikin ya motsa rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, me ka ci, me ke faruwa ko me kake tunani, da ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10. Da yawa sai sun duba takardar suke ganin wake da yaji ba su da laifi, ranar zubin adashi ce, ko kiran waya daga mutum guda. Ka kai wa likita takardar.

4. Waɗanne alamu ne ke nuna abin ya wuce fargaba, sai asibiti?

A tafi nan take, ko da tsakar dare ne, in aka ga aman jini ko baƙin amai mai tsaki-tsaki kamar garin kofi. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta (ƙwayar ƙarin jini ma na baƙanta shi, amma ba ta sa danƙo). Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙage kamar katako. Ciwon da ya faro a cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama da zazzaɓi. Ciwon mara ga macen da al'adarta ta yi jinkiri, musamman da jiri ko ɗigon jini. Ko nauyi a ƙirji da gumi mai sanyi yana miƙewa hannun hagu ko muƙamuƙi. Na ƙarshen nan na iya zama ciwon zuciya, kuma ga dattijo ko mai ciwon suga yakan zo da kamannin ƙwannafi.

Wasu ba na gudu ba ne amma kada su wuce 'yan kwanaki: rama ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, amai kullum, ido ya koma ruwan ɗorawa, ƙullutun da hannu ke taɓawa a ciki, jini a bayan gida, tafin hannu ya ɗashe, zazzaɓi mai daɗewa, gudawar da ke tayar da mutum cikin dare, ko sabon ciwon ciki ga wanda ya haura shekara 50. Mai fargaba ma yana kamuwa da afendis da olsa kamar kowa.

5. An ce mini olsa ce, shekara biyu ina shan magani. Ya ake bambancewa?

A Zariya kusan duk zafin da ke saman cibiya sunansa olsa. Gyambon ciki na gaske kuwa rauni ne a bangon tumbi ko farkon hanji, ana tabbatar da shi ta zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki. Manyan musabbabansa biyu ne. Na farko ƙwayar cuta Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, suka karɓi kyautar Nobel a 2005. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac, piroxicam da aspirin, waɗanda masu aikin ƙarfi da 'yan acaɓa ke watsawa baki da daddare kamar gyaɗa. Yunwa da yaji da damuwa suna tsananta zafi, amma su kaɗai ba kasafai suke huda tumbi ba.

Mafi yawan masu zafin ƙahon zuci in an leƙa cikinsu ba a samun gyambo. Tsarin da ya dace shi ne a gwada H. pylori. In akwai, a sha haɗin magani na kwana 14 har ƙarshe, yawanci omeprazole, mai rage asid ɗin tumbi, da maganin ƙwayoyin cuta iri biyu. In babu, a gwada omeprazole sau ɗaya a rana, minti 30 kafin karin kumallo, na mako 4 zuwa 8. In an yi haka zafin na nan, tara kwalabe ba zai ƙara komai ba, a duba tambaya ta 13 da 14. Wanda ya daɗe kan omeprazole ya sauka a hankali, domin yankewa rana ɗaya kan sa asid ɗin tumbi ya dawo da ƙarfi na 'yan makonni, mutum ya ɗauka olsar ce ta tashi.

6. Duk gwajin da na yi sai a ce taifot. Shi ke damun cikina?

Taifot cutar zazzaɓi ce, mai hauhawa kwana bayan kwana har ta kwantar da mutum. Wanda ke yawo da ƙafarsa, jikinsa ba zafi, wata shida yana fama da kumburi da faɗuwar gaba, da wuya a ce taifot ne. Gwajin Widal da aka fi yi sawun da cutar ta bari a jini yake gani, kuma a yankin da ta yawaita lafiyayyu da dama za su nuna akwai. Abin dogaro shi ne a reni jini a ɗakin gwaji na 'yan kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Shan ciprofloxacin, maganin da ake ba masu taifot, a kai a kai kuwa yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, ya bar gudawa da kumburi, ga wasu ma ya jawo rashin barci da fargaba.

7. To wane gwaji ya kamata in yi, kuma me ya sa hoton ciki bai nuna komai ba?

Hoton ciki, wato sikanin, yana ganin hanta, matsarmama, ƙoda, saifa da mahaifa. Ba ya nuna olsa, balle motsin jijiya. Ga wanda ba shi da alamun tambaya ta 4, gwajin da ke da ma'ana kaɗan ne: awon yawan jini, awon suga, gwajin bayan gida don tsutsa da amiba, ciwon hanta nau'in B ga wanda bai taɓa yi ba, gwajin juna biyu ga mace, da H. pylori. In akwai rama duk da cin abinci, rashin jure zafi, rawar yatsu da bugun zuciya ko a kwance, a ƙara da gwajin sinadarin maƙoƙo, domin in wannan gaɓar ta wuya ta yi aiki fiye da kima, ita da fargaba kamar an tsaga kara.

Gwajin H. pylori na da tarko biyu. Na jini ba ya bambance cutar da ke nan da wadda ta warke tuntuni, don haka na bayan gida ko na numfashi ya fi. Sannan sai an dakatar da omeprazole mako 2, maganin ƙwayoyin cuta mako 4, in ba haka ba sakamako ya ce babu alhali akwai.

Leƙa ciki da kyamara ana yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ana zuwa ba a ci komai ba na awa 6 zuwa 8, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin bai cika wuce minti 15 ba, kuma likita ke yanke ko ana buƙata. In waɗannan sun fito lafiya, a tsaya. Maimaita hoto duk wata uku kwana biyu yake kwantar da hankali, shakka ta dawo da ƙarfinta.

8. Da na shiga damuwa sai murɗa da gudawa, wani lokaci kuma ciki ya ɗaure. Basir ne ko dattin ciki?

Ya fi kama da abin da likitoci ke kira IBS, wato hanji mai saurin fushi. Ma'auninsa: ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata 3 da suka wuce, mai alaƙa da fita bayan gida ko canjin yawansa da kaurinsa, kuma abin ya faro aƙalla wata 6 baya. Ba ya komawa ciwon daji, amma yana hana sakewa: mutum ba zai shiga motar Kano ba sai ya yi lissafin banɗaki.

Babban kuskure shi ne wankin ciki da jiƙe-jiƙen basir da ake talla da lasifika. Da yawansu zawo suke sawa, su ƙara fusata hanjin, ba kuma wanda ya san adadin abin da ke cikin jarkar. A maimakon haka a ci abinci kan lokaci, a cire abu ɗaya-ɗaya na mako biyu don gano mai laifi (madara, wake, albasa mai yawa, alkama, lemon kwalba), mai ɗaurewar ciki ya ƙara kuɓewa da ganye a hankali tare da ruwa.

9. Wani lokaci abin kan taso daga ciki ya hau ƙirji, in ji kamar ajali ne. Mene ne wannan?

Tashin firgici ne. Yakan zo ba sallama, ko a sahun sallah ko a cunkoson Kwangila: zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isa, yatsu da leɓe su mutu, ga jiri, ga gumi, mutum ya sakankance mutuwa ce ko hauka. Yakan kai maƙura cikin minti 10, ya sauka cikin minti 20 zuwa 30, ya bar gajiya. Mutuwar yatsun daga saurin numfashi take, iskar kabon ce ta ragu a jini. Shi kansa ba ya kisa.

Karon farko a je a auna zuciya, musamman mai hawan jini, mai suga ko wanda ya haura 40. In an tabbatar lafiya, abin gudu shi ne ƙaurace wa wurare: a daina kasuwa, a daina Juma'a, a daina shiga mota, har mutum ya koma ɗaki guda. Komawa wuraren kaɗan-kaɗan yana cikin maganin, an yi bayaninsa a tambaya ta 14.

10. Me zan yi a daidai lokacin da cikin ya ƙulle?

Zauna ka jingina, ka sassauta tazuge ko ɗaurin zane. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, hannun cibiya ne zai taso, na ƙirji ya zauna. Sake shi ta baki kana ƙirga 6, leɓe a tsuke kamar mai hura koko. Kusan numfashi 6 ke nan a minti ɗaya. Yi minti 5. Tsawaita fitarwar ce ke taɓo jijiyar vagus ta rage gudun zuciya.

Inda ake kuskure: jan iska da ƙarfi har ƙirji ya cika, wanda ke ƙara jiri, dainawa bayan numfashi biyar a ce bai yi ba, da ajiye shi sai ranar tashin hankali. Wanda bai saba da shi cikin natsuwa ba ba zai iya shi cikin firgici ba, don haka a haɗa shi da abin da ba a fashi, minti 5 bayan Asuba da minti 5 bayan Isha'i, na mako 3 zuwa 4 kafin a yanke masa hukunci. Ruwan ɗumi kurɓi-kurɓi da tattaki na minti 10 su ma suna sassautawa. A daina danna ciki ana laluben inda ke ciwo, a daina tilasta gyatsa, domin kowace gyatsar dole da haɗiyar wata iskar take tafe.

11. Goro, shayi da kanwa fa?

Goro, shayi, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, mai sa bugun zuciya, rawar hannu, ƙarin asid da saurin hanji. Kofi ɗaya na garin kofi yana da kimanin miligiram 60 zuwa 80, gwangwanin lemon kuzari mai mililita 250 kimanin 80. Iyakar babba mai lafiya 400 ce a rana, amma mai fargaba kan ji a jikinsa tun bai kai nan ba. Jiki na ɗaukar kusan awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, ke nan kofin da aka sha a teburin mai shayi ƙarfe 9 na dare rabinsa na nan a jini ƙarfe 2. A rage cikin mako ɗaya ko biyu. Yankewa farat ɗaya na kawo ciwon kai.

Kanwa tana kashe asid na ɗan lokaci, shi ya sa ake jin daɗinta, amma gishiri ce mai ƙarfi, tana tara iska a tumbi, kuma ba ta dace da mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba. Abin da ya fi tasiri ba shi da armashi: abinci kaɗan-kaɗan sau 4 ko 5 maimakon a wuni da yunwa a cika tumbi da dare, awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, barin taba da shisha, da tafiyar sauri minti 30 kwana 5 a mako.

12. Zan iya azumi da wannan?

Mafi yawa suna yi lafiya. Abin da ke kayar da mutane shi ne tsallake sahur, cika ciki da soye-soye tashi ɗaya a buɗa-baki, da ƙarancin barci. Mai goro da shayi ya fara ragewa tun Sha'aban. Maganin da ake sha sau ɗaya a rana ana mayar da shi sahur ko dare da shawarar likita, ba a ajiye shi. Wanda aka tabbatar masa da gyambo ko ya taɓa aman jini ya ga likita kafin wata ya kama.

13. Akwai magani? Wani ya ba ni ƙwayar barci daga kemis, na ji daɗinta.

Jin daɗin nan shi ne tarkon. Diazepam da bromazepam suna kwantar da fargaba nan da nan, amma in an wuce mako 2 zuwa 4 ana sha kullum jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, in an daina fargabar ta dawo da ƙari, har jijjiga ga wanda ya daɗe ya yanke farat ɗaya. Tramadol da sirof mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018, su ma kama mutum suke, suna kuma ɗaure ciki. Wanda ya riga ya saba, likita ne zai sauke shi a hankali.

Waɗanda aka fi dogara da su su ne irin sertraline, fluoxetine da escitalopram. Ba sa sa maye. Ana farawa da kaɗan, misali sertraline miligiram 25 zuwa 50 a rana, amfaninsu kuma sai bayan mako 2 zuwa 6. Ga inda mutane ke gudu: a makon farko sukan ƙara tashin zuciya, sassaucin bayan gida da rashin natsuwa, daidai abin da ya kawo mutum asibiti, sai ya watsar a kwana na uku. Shansu bayan cin abinci na ragewa, kuma abin kan wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu. In sauƙi ya samu a ci gaba wata 6 zuwa 12, sannan a sauka a hankali. Ga mai murɗar hanji likita kan ba da amitriptyline kaɗan, miligiram 10 zuwa 25 da dare; yana sa barci da bushewar baki.

A faɗa wa likita duk abin da ake sha. Haɗa waɗannan da tramadol haɗari ne, haɗa su da diclofenac ko ibuprofen na ƙara yiwuwar zubar jini a tumbi. Propranolol da ake ba wasu don bugun zuciya bai dace da mai asma ba. Mai juna biyu ko shayarwa ta faɗa tun farko. In matashi ya fara magani ya ji tunanin cutar da kansa, a koma asibiti a ranar.

14. A Zariya ina zan je? Ba na son a ce an gan ni a layin mahaukata.

Fara da likitan gama-gari: asibitin unguwa, Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, asibitin Wusasa, ko asibitin jami'a ga ɗaliban Samaru. Ka faɗi duka biyun, cikin da faɗuwar gaban. Akwai 'yar takarda mai tambayoyi 7 da ake kira GAD-7, makinta 0 zuwa 21. Wanda ya sami 10 ko fiye yana buƙatar a duba shi sosai. In ta kama za a tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Shika, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Da yawa daga masu zama a bencin nan ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matan gida masu rashin barci, da ƙafarsu suka zo da ita za su koma. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi sirrin majiyyaci.

Ban da ƙwaya akwai zama da masanin halayyar ɗan'adam, irin da ake kira CBT, galibi zama 8 zuwa 12, mako-mako. Ana koyon kama tunanin da ke cewa "wannan murɗar daji ce" a auna shi da hujja, a daina duba ciki da tambayar Google, a jera wuraren da aka ƙaurace wa daga mai sauƙi zuwa mai wuya a dinga komawa ɗaya bayan ɗaya. Da aikin gida a ciki, wanda bai yi shi ba bai cika ganin amfani ba.

15. A gida an ce sammu ne ko shafar iska, ana ta rubutu da hayaƙi. In bari?

Jin abu na yawo a ciki shi ya fi kai mutane ga wannan fassarar, bayaninsa na tambaya ta 2. Addu'a da zikiri ba su yi karo da asibiti ba. A cikin addu'o'in Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma ya yi umarni da neman magani.

Abin da ba mu yarda da shi ba: duk abin da za a ɗura wa mutum ya yi amai ko zawo don fitar da sammu, duka ko ɗauri da sunan korar aljani, da wanda zai ce a ajiye maganin likita. Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba, wato a nuna wa mai fargaba kishiya ko maƙwabci a ce su suka yi masa. An sa masa abin tsoro ke nan a gidan da yake kwana. Ga iyaye kuwa lallashi ya fi gardama: "Baba, a ci gaba da addu'a, a haɗa da asibiti."

16. 'Yata kullum safiyar makaranta sai ciwon ciki, ranar Asabar garau. Wayo ne?

Hajiya, ba lallai ba. Yaro bai san sunan fargaba ba, cikinsa zai nuna miki. Ciwon kan zauna a kewayen cibiya, ba zazzaɓi, ba rama, da yamma ana wasa. A fara duba tsutsa, ɗaurewar ciki, ciwon fitsari, da sikila in ba a san jininta ba. Ciwon da ya yi nesa da cibiya, ya tayar da ita daga barci, ko ya zo da koren amai, na asibiti ne.

In gwaji ya fito lafiya, ki tambaye ta a keɓe, ba a gaban yayyenta ba: wa ke dukanta a boko ko Islamiyya, wa ke ƙwace mata kuɗin tara, akwai mai taɓa ta. Kada a ƙaryata ta, kada kuma a bar ta gida, domin kowace ranar fashi na ƙara wa gobe nauyi. Karin kumallo mara nauyi, minti 5 a banɗaki kafin fita, numfashin tambaya ta 10 a mayar da shi wasan hura balan-balan, a raka ta ƙofar aji a makon farko, a sanar da malaminta.

17. Yaushe zan ga sauƙi, kuma zai iya dawowa?

Rage kafeyin da gyara lokacin abinci kan nuna cikin mako ɗaya zuwa biyu, ƙwayar likita kuwa sai mako 4 zuwa 6 kafin a ce ta yi ko ba ta yi ba. Sauƙin ba a jere yake zuwa ba, kwana huɗu lafiya, na biyar ciki ya tashi, don haka a kwatanta makin littafin tambaya ta 3 wata da wata. In mako 8 ya cika ba canji, likita zai ƙara adadi ko ya sauya magani.

Yakan dawo lokacin jarrabawa, biki, haihuwa, rasuwa ko matsin kuɗi, sau da yawa barci ne ke fara lalacewa kafin cikin ya motsa. In ya dawo da kamanninsa na da, a koma kan tambaya ta 10 da 11, a nemi ranar ganin likita. In ya tsaya waje guda ya ƙi motsi, ko ɗaya daga alamun tambaya ta 4 ta bayyana, a sake bincike daga farko.